An danƙa mini laburaren makaranta ba tare da horo ba: ina zan koyi aikin, da wa kuma zan haɗa kai?

Malama Mai Laburare ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma a farkon wannan zango shugabar makarantarmu ta danƙa mini makullin laburare a kan aikin koyarwar da nake yi, domin jami'in da ke kula da shi ya yi ritaya kuma ba a turo wani a madadinsa ba. Digirina na koyarwa ne, ban taɓa karanta ilimin laburare ba.

Abin da na tarar a ɗakin shi ne kantocin katako cike da littattafan darasi, waɗanda da yawansu an sauya manhajar da aka rubuta su a kanta, sai kwalayen littattafan gudummawa da ba a ko buɗe ba, da wata rajista da aka daɗe da daina rubutu a cikinta. A gefe guda akwai kwamfutoci lulluɓe da leda, waɗanda aka kawo ƙarƙashin wani shiri na tallafi, ba a haɗa su da intanet ba, wuta kuma sai ranar da aka tayar da janareta. Duk da haka ɗalibai suna zuwa, suna neman tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, suna tambayar ko za su iya gwada jarrabawar JAMB a kan kwamfutocin nan, wasu kuma sukan zo da labarin da suka gani a wayar gida su tambaye ni ko gaskiya ne.

Na bincika na ji cewa makarantun da ke maƙwabtaka da mu ma halin da suke ciki ke nan: a kowacce akwai malami ɗaya da aka ɗora wa aikin, yana fama shi kaɗai, bai san na kusa da shi ba. Saboda haka nake roƙon masana da waɗanda suka riga ni a wannan aiki su ba ni haske. A ina mai irin matsayina zai sami horo ba tare da ya bar aikinsa ba? Shin in fara da rajistar takarda ne, ko kuwa in wuce kai tsaye zuwa kwamfuta tunda zamanin ke nan? Kuma ta wace hanya masu kula da laburarorin makarantu za su haɗa kai haɗin da zai yi amfani, ba wanda zai tsaya a gaishe-gaishe ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Jami'in Laburare ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya taya ki riƙo. Na yi aiki a hukumar laburare ta jiha har na yi ritaya, kuma wani ɓangare na aikina shi ne zagaya makarantu, don haka ɗakin da kika kwatanta na san irinsa sosai.

Ya kamata ki fara sanin dalilin da ya sa makullin ya faɗo hannun malamar Turanci, domin sanin hakan zai nuna miki inda za ki nemi taimako. Sana'ar laburare ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. A 1953 hukumar UNESCO ta shirya wani taro a Ibadan kan bunƙasa laburarorin jama'a a Afirka, daga nan aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, wadda daga cikinta Ƙungiyar Laburare ta Najeriya, wato NLA, ta fito a 1962. A 1963 wani masani daga Ostareliya mai suna F. A. Sharr ya rubuta wa gwamnatin Jihar Arewa rahoto kan buƙatun laburare a yankin, sannan a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da wannan ilimi, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri suka bi sahu. Masu kula da laburarorin makarantu ma suna da tasu ƙungiyar, NSLA, tun 1977. To amma waɗanda suka kammala wannan karatu, mafi yawansu jami'o'i da kwalejoji da hukumomin gwamnati suke nufa, domin a can ne ake da tsanin ƙarin girma da albashi mai tsoka. Makarantun firamare da sakandare sai aka bar su da malamin da shugaban makaranta ya ga yana son littafi. Ma'anar wannan ita ce ƙwararrun suna nan kusa da ke, a laburaren jiha da na jami'a da na kwalejin ilimi, illa dai babu wanda ya haɗa ku.

Shawarata ta farko ita ce ki sa shugabar makarantarku ta rubuta wa hukumar laburare ta jiharku takarda, ta roƙi a karɓe ki a sashen tsara littattafai na ɗan lokaci a cikin hutu. Kada ki je hannu rabbana. Ki ɗauki kwali ɗaya daga cikin kwalayen nan naku, ki zauna kusa da mai yin aikin, ku yi wa littattafanki da kansu rajista da lamba. Abin da za ki koya a zaman nan da littafi a hannunki ya fi abin da ake koya a tarurrukan bita da ake yi a otal, inda ake haska bayanai a bango, a raba jaka da alawus da takardar shaidar halarta, a watse, kowa ya koma ya tarar da kwalayensa yadda ya bar su. Na halarci irin waɗannan tarurruka da dama, ba na cewa ba su da amfani ko kaɗan, amma ban taɓa ganin laburaren da ya gyaru saboda su kaɗai ba.

Game da tambayarki ta biyu, ni a ganina rajista ce farko. Kowane littafi ya sami lambar shiga tasa shi kaɗai, a rubuta ta a rajista tare da ranar shigowa da sunan marubuci da sunan littafi da kamfanin ɗab'i da shekara da kuma inda aka samo shi, saye ne ko gudummawa. A buga hatimin makaranta a shafin farko da gefen littafin da kuma wani shafi na ciki da kika zaɓa, wanda ba za ki riƙa sauyawa ba. Kafin haka ki tace: littafin da gara ta ci, da wanda yoyon damina ya manne shafukansa, da littafin kimiyyar da bayanansa suka shuɗe, ki ware su, ki rubuta jerinsu, shugabar makaranta ta sa hannu kafin a fitar da su, saboda dukiyar gwamnati ce kuma masu binciken kuɗi za su iya tambaya. Daga nan sai tsarin Dewey na ba littattafai lamba bisa fanninsu, wanda aka fara bugawa a 1876 kuma shi ne mafi yawan makarantu ke bi. Ba ki buƙatar zurfafawa a cikinsa. Idan kika san lissafi yana 510, fiziks 530, kemistiri 540, bayoloji 570, Musulunci 297, tarihin Najeriya 966.9, kin riga kin tsara rabin ɗakin.

Haɗin kai kuwa, wanda na ga ya yi aiki a aikace shi ne mai kama da aikin gayya. Makarantu biyar ko shida da ke kusa da juna, waɗanda kuɗin mota bai hana zuwa ba, su riƙa haɗuwa wata-wata a laburaren ɗayansu, a bi da bi. Ranar da aka zo naki, ba jawabi za a yi ba, hannu za a sa: wani yana buga hatimi, wani yana rubuta rajista, wani yana manna lamba a bayan littafi, wani yana jerawa a kanta. Aikin da zai ci miki zango guda ke kaɗai sai a rage shi a yini ɗaya, kuma wanda bai iya ba ya koya yana kallon wanda ya iya. Idan kun gayyaci ƙwararre guda daga laburaren jiha ya zauna tare da ku yana gyara kurakurai, to wannan shi ne horon da kike nema.

Ɗan Laburaren Zamani ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, musamman zancen haɗuwar makarantu. Inda nake neman afuwa in saɓa maka shi ne jinkirta kwamfuta har sai an gama rajistar takarda, domin a ganina hakan zai sa Malama ta yi aiki ɗaya sau biyu.

Ina kula da laburaren wata makarantar sakandare ta kwana, kuma abin da muka lura da shi a shiyyarmu shi ne littattafan da ke makarantunmu kusan iri ɗaya ne, tunda manhaja ɗaya muke bi, jarrabawa ɗaya ɗalibanmu ke rubutawa, kuma sau da yawa daga hannu ɗaya littattafan ke fitowa. Babu dalilin da zai sa mutum shida su zauna kowa yana rubuta bayanan littafin kemistiri guda yana neman lambarsa shi kaɗai. Sai muka buɗe jadawali ɗaya a Google Sheets wanda kowa ke iya shiga ta wayarsa, muka yi masa layuka na sunan marubuci da sunan littafi da kamfanin ɗab'i da shekara da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a jikinsa, da lambar Dewey, sannan kowace makaranta tana da gurbin da za ta nuna ko tana da littafin da kuma kwafi nawa. Duk wanda ya fara cin karo da littafi shi zai shigar da shi, saura su kwafa. Amfanin da ba mu zata ba shi ne mun fara ganin inda kaya suka yi yawa da inda suka yi ƙaranci: wata makaranta tana da tarin littattafan jogirafi da babu mai taɓawa, maƙwabciyarta kuma ba ta da ko ɗaya, sai shugabannin biyu suka amince da aro na tsawon zango a rubuce. Rajistar takarda tana nan, ba mu yar da ita ba, domin ita ce hujja ranar bincike, amma a zama ɗaya ake cika su biyun.

Mutane za su ba ki shawarar Koha, wato manhajar kwamfuta ta tafiyar da aikin laburare, kuma manhaja ce mai kyau. An ƙirƙire ta ne a New Zealand a ƙarshen 1999 domin wani laburaren jama'a, kyauta ce, kuma jami'o'i da dama a Najeriya da ita suke aiki. Sai dai kyautar tata a lasisi ne kawai. Tana buƙatar kwamfutar da za ta zauna a kunne, da wanda ya iya Linux, wato tsarin kwamfutar da take aiki a kai, da wanda zai riƙa adana kwafin bayanai a wani wuri, kuma na ga inda aka ɗora ta da ɗoki, wanda ya ɗora ya sami canjin wurin aiki, shi ke nan babu mai iya buɗe ta. Ki fara da jadawali mai tsafta. Ranar da ƙungiyarku ta yi ƙarfi, akwai manhajar MarcEdit da ke juya irin wannan jadawali zuwa MARC, tsarin rubuta bayanan littafi wanda Koha ke karantawa, don haka babu abin da zai tafi a banza.

Kwamfutocin da ke lulluɓe da leda kuwa, rashin intanet bai mayar da su marasa amfani ba. Akwai manhajar darussa mai suna Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta yi musamman domin wuraren da babu intanet: a ɗora ta a kwamfuta ɗaya, a sauke darussa sau ɗaya, sauran kwamfutocin ɗakin su riƙa ɗauka daga gare ta ta hanyar ƙaramar na'urar rauta ba tare da an ƙona data ba. Akwai Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia gaba ɗayanta, har da ta Hausa, ba tare da sadarwa ba. Domin ƙananan azuzuwa akwai shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, dukansu suna da labarai da Hausa, kuma lasisin Creative Commons da ke kansu ya halatta a sauke, a buga, har a fassara, muddin an ambaci masu aikin. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wanda aka tsara darussansa bisa manhajar ƙasar nan. A nan ma haɗin kai ne ke sauƙaƙa lamarin, domin waɗannan kaya suna da nauyi wajen saukewa. A ƙungiyarmu wanda makarantarsa ke da intanet mai ƙarfi shi ke saukewa, ranar haɗuwa kowa ya zo da filashinsa ya kwafa. Abin kiyayewa kawai shi ne filashi mai yawo tsakanin kwamfutoci shi ne babban mai yaɗa bairos, saboda haka a ware guda domin wannan aiki, kada a riƙa kai shi shagon buga takardu.

Game da JAMB, tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma akwai ɗaliban da ranar jarrabawar ce karo na farko da za su riƙe linzamin kwamfuta. Ko da awa ɗaya ce a mako kika samu aka tayar da janareta domin 'yan ajin ƙarshe su saba da allon rubutu da linzami, kin rage musu fargaba mai yawa. Idan za ki nemi wani abu a wurin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ki nemi ƙaramar sola da inbata da za su ɗauki kwamfutoci uku ko huɗu, ya fi a ƙaro miki wasu kwamfutocin.

Zauren WhatsApp dole ne ku buɗe, amma ku yi masa ƙa'ida tun ranar farko, in ba haka ba cikin wata guda zai cika da barka da Juma'a da tallar atamfa, tambayar aiki ta nutse a ciki. Ƙa'idoji biyu da ba mu sassautawa a kansu: ba a tura littafin da aka kwafa ba da izinin mai shi ba, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana aiki a kan kwafin waya kamar yadda take aiki a kan na takarda, kuma abin kunya ne a ce mai laburare ne ke raba kayan sata; sannan ba a tura hotunan ɗalibai ko sunayensu ko jerin abin da suka ara, domin akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma tun kafin dokar ma sirrin mai karatu amana ce a wannan sana'a.

Ɗaliban da ke kawo miki labari suna tambayar ko gaskiya ne, kada ki riƙa ba su amsa kawai, ki nuna musu yadda ake binciken: waye ya fara wallafa shi, yaushe, wace kafa ce kuma ta tabbatar, sannan a saka hoton a manhajar binciken hotuna a ga ko tsoho ne aka sake masa labari. Haka nan ki gwada musu a gabansu yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira kan ambaci littafin da babu shi a duniya, da sunan marubuci da shekara kamar gaske. Darasi ɗaya mai kyau a kan wannan, idan ɗayanku ya tsara shi, duk makarantun ƙungiyar za su iya amfani da shi.

Malami a Sashen Ilimin Laburare ya amsa:

Malama, abin da magabatana biyu suka faɗa zai gyara miki ɗakin, amma akwai wani gefen da nake so ki duba, wato matsayinki ke kanki. Rauni mafi girma a laburarorin makarantunmu shi ne a kan mutum ɗaya suke tsayuwa, kuma mutumin nan a takardar gwamnati malamin aji ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowane lokaci. Ranar da ya tafi, wanda ya gaje shi sai ya tarar da rajistar da aka daina rubutu a cikinta. Ƙungiyar sa-kai ba ta magance wannan sai an haɗa ta da takarda. Ki nemi a ba ki wannan aiki a rubuce, kwafi ya shiga fayil ɗinki, wani ya tafi ofishin ilimi na shiyya. Ƙungiyarku ma ta sanar da ofishin shiyya da kanta a rubuce, ta riƙa ajiye bayanin kowace haɗuwa, kuma kowace makaranta ta sami ɗan kundin da ke bayyana yadda ake aiki a laburarenta, yadda baƙo zai iya ɗauka ya ci gaba.

Ta fuskar doka, Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, LRCN, wadda doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, ita ce ke tantance wanda za a kira ƙwararren jami'in laburare, kuma sai mai digiri a wannan fanni take yi wa rajista. Tarurrukan bita, komai yawansu, ba sa maye gurbin wannan. Tunda kina da digiri na farko, ki duba shirye-shiryen gaba da digiri na sassan ilimin laburare a Zariya da Kano da Maiduguri da sauran jami'o'in da ke kusa da ke, ki tambayi sharuɗɗan shiga na wannan shekara kai tsaye daga sashen, sannan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana koyar da fannin ga wanda ba zai iya barin aiki ba. Wanda ya haɗa shaidar koyarwa da ta laburare shi ne ainihin wanda makaranta ke buƙata. Jagorar laburarorin makarantu da ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, ta sake fitarwa a 2015 ta nanata cewa mai wannan aiki ya kamata iliminsa ya kai na malaman aji, domin ya iya zama da su a tsara darasi tare. Ana samun jagorar kyauta a intanet, haka ma sanarwar IFLA da UNESCO ta 1999 kan laburaren makaranta, kuma ba su da tsawon da zai gajiyar da ke.

Kafin digiri, ki nemi reshen NLA na jiharku, ki halarci taronsu ko da a matsayin baƙuwa, domin a can za ki haɗu da mutanen da Baba ya ce suna kusa da ke. Ƙungiyar laburarori ta nahiyar Afirka, AfLIA, wadda aka kafa a 2013 take kuma da ofishi a Accra, takan shirya laccoci da kwasa-kwasai ta intanet, da yawa daga cikinsu ana iya bin su ta waya. Watan Oktoba shi ne watan laburarorin makarantu na duniya a ƙarƙashin IASL, ƙungiyar masu kula da laburarorin makarantu ta duniya, kuma dama ce mai kyau da makarantunku za su shirya gasar karatu tare su gayyaci jami'an ilimi su gani da idonsu.

Abubuwa biyu kuma da mutane ba su cika lura da su ba. Kowace shekara sassanmu suna neman wuraren da ɗalibai za su je sanin makamar aiki, mafi yawansu kuma sukan cunkushe a manyan laburarori inda aikin bai ishe su ba. Idan ƙungiyarku ta rubuto tana neman ɗalibai biyu ko uku, da wuya a ƙi ku. Na biyu, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ɗora wa masu makarantu, gwamnati ko masu zaman kansu, alhakin samar da laburare mai aiki da horar da masu kula da shi, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kuma a cikin kuɗin akwai kason horar da malamai da ake gudanarwa ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi. Idan makarantarku tana da ƙaramar sakandare, kuna da hurumin neman a saka malaman laburare cikin masu cin gajiyar wannan horo. Takardar da makarantu shida suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi a teburin jami'i.

Wata Shugabar Makaranta ta amsa:

'Yar'uwa, bari in faɗa miki yadda abin yake daga kujerar da nake zaune. Babu shugabar makarantar da za ta iya sauke wa malamar Turanci azuzuwanta gaba ɗaya a wannan ƙarancin malamai da muke ciki, don haka kada ki nemi hakan, za ki ji ba daɗi ne kawai. Abin da za ki iya samu shi ne a rage miki darussa kaɗan, a haɗa ki da wani malamin ku zama biyu, zai fi kyau ya kasance na kimiyya ko na kwamfuta, sannan a ba ki ɗalibai masu natsuwa a matsayin shugabannin laburare su riƙa karɓar aro da jera littattafai. Mafi muhimmanci, ki je wurin mai tsara jadawalin darasi kafin a manna shi a allo, ki nemi kowane aji ya sami darasi guda na laburare a mako, domin abin da bai shiga jadawali ba a makaranta ba ya faruwa.

Masu magana a sama sun fi mayar da hankali kan haɗin kai tsakanin makarantu, ni kuwa zan ƙara da na cikin gida. Ki karɓi tsarin darussan zango daga shugabannin sassa, ki ware wa kowane malami abin da kike da shi a kan batun da zai koyar, ki kai masa har ɗakin malamai. A ƙarshen zango ki kawo mini shafi ɗaya: ɗalibai nawa suka shigo, littattafai nawa aka ara, me aka fi nema ba a samu ba. Da wannan shafi nake shiga taron kwamitin gudanar da makaranta da na iyaye da malamai, kuma da shi nake kare kuɗin motar da zan ba ki zuwa haɗuwarku ta wata-wata.

Malama Mai Laburare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na riga na yi magana da malaman makarantu uku da ke kusa da mu, kuma sun amince mu fara haɗuwa. Saura tambaya ɗaya ga Baba. Da na buɗe kwalayen, na tarar da littattafan Hausa da na addini da yawa, wasu da Larabci, wasu da ajami, da dama kuma ba su da lambar ISBN ko shekarar bugawa. Yaya za mu shigar da irin waɗannan a jadawalin haɗin gwiwa ba tare da kowa ya yi nasa daban ba?

Tsohon Jami'in Laburare ya sake amsawa:

Malama, wannan shi ne wurin da tsarin Dewey ya fi gazawa a gare mu, domin a Amurka aka tsara shi, ya ba Kiristanci mafi yawan rukunin 200, ya tattara Musulunci gaba ɗaya a 297. Idan kika tsaya a lambar nan kawai, kanta guda za ta cika ba tare da wani tsari ba, saboda haka sai kin faɗaɗa: Alƙur'ani da tafsiri a 297.122, tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a 297.63, littattafan shari'a kuma akwai masu kai su 340.59 tare da sauran dokoki, akwai masu barin su a cikin 297. Nahawun Hausa da ƙamus suna 493.72, adabin Hausa, wato waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai, yana 893.72, sai ki ƙara haruffa uku na farkon sunan marubuci a ƙarƙashin lambar domin littattafan mutum ɗaya su zauna wuri ɗaya.

A haɗuwarku ta farko ku yanke shawara a kan abubuwa uku, ku rubuta su a shafin farko na jadawalin. Na ɗaya, ina za ku ajiye littattafan fiƙihu. Na biyu, da wane suna za ku fara shigar da marubucin Bahaushe, tunda sunansa na ƙarshe sau da yawa sunan mahaifi ne ko na gari ko na unguwa, kuma masu karatu da sunan farko suka san shi; ni na fi son a bar sunan yadda yake a bangon littafi. Na uku, yadda za ku rubuta sunayen littattafan Larabci da na ajami da boko, hanya ɗaya ga kowa, tare da wani layi da ke nuna harshe da irin rubutun. Littafin da ba shi da ISBN a bar gurbin a buɗe, wanda ba shi da shekara a rubuta "babu shekara", a ƙara da yawan shafuka da sunan maɗaba'a idan akwai, domin da su za ku bambance bugu biyu na littafi ɗaya. Idan kuma kuka ci karo da rubutun hannu na asali a cikin kwalayen, kada ku buga masa hatimi ko ku manna masa lamba, ku sa shi a ambulan mai tsafta nesa da danshi, ku nemi shawarar Gidan Arewa da ke Kaduna ko sashen rubuce-rubucen hannu na laburaren jami'ar da ke kusa da ku.